Duhun Fata da Sanyin Ruwa: Martani Kan Kiran Kiwon Aksolotul a Wudil

Wani marubuci ya fitar da maƙala yana kira ga matasan Wudil, musamman ɗalibai da masu neman ƙaramar sana'a, da su rungumi kiwon wata halittar ruwa da ake kira aksolotul a cikin akwatin gilashi irin wanda ake ajiye kifin ado, sannan ya ware nau'i guda ya fifita shi, wato mai launin asali, baƙi-baƙi mai ɗigo-ɗigon zinariya, a kan farare da masu ruwan hoda waɗanda hotunansu suka cika intanet. Hujjarsa ita ce mai duhun fata shi ne na ainihi, kamar yadda yake a tafkinsa na gado, saboda haka ya fi ƙwari da juriya, zai iya ɗaukar yanayin ƙasar Kano idan aka tallafa masa da 'yan dabaru, kuma duk wanda ya kiwata shi ya sa hannu a ceton halittar da ke gab da ƙarewa. Babu dalilin zargin niyyar marubucin, kuma sha'awar da yake son cusa wa matasa game da halittun ruwa abar yabo ce a garin da kogi ya ratsa. Sai dai ginshiƙin da ya ɗora maganarsa a kai, wato cewa launin fata yana shaida asali kuma yana shaida ƙarfi, ba ya tsayuwa idan aka auna shi da tarihin dabbar da abin da ilimin gadon halitta ya tabbatar.

Ko da yake duk rayuwarsa a ruwa yake yi, aksolotul ba kifi ba ne. Dangin kwaɗi ne, daga reshen masu wutsiya da ake kira salamanda, reshen da babu ko nau'i guda nasa da ke rayuwa a Afirka kudu da Sahara, kuma masana suna kiransa Ambystoma mexicanum. Abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa shi ne yana balaga har ya hayayyafa alhali yana cikin siffar ƙuruciya: 'ya'yan kwaɗi suna zubar da gaɓoɓin numfashin ruwa su hau tudu, shi kuwa yana riƙe nasa har mutuwa, uku a kowane gefen kai, masu laushi da reshe-reshe, waɗanda za a kira mashaƙa a wannan rubutu. Tsawonsa yakan kai santimita 23 ko ya ɗan wuce, yana iya shekara 10 zuwa 15 idan ya sami kulawa, kuma ya shahara a ɗakunan bincike saboda yana mayar da ƙafar da aka yanke, da wutsiya, har da wasu sassan zuciya da laka. Mahaifarsa tafkunan Sochimilko da Chalko ne a kwarin birnin Meksiko, a tudun da ya haura mita 2,200 daga doron teku, inda maɓuɓɓugai masu sanyi suke shayar da ruwan a da. Wudil kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma wannan tazarar ta tudu ita ce farkon abin da maƙalar ta tsallake.

Maganar asali tana buƙatar a koma shekarar 1864, lokacin da sojojin Faransa suke Meksiko, aka kai aksolotul 34 masu rai birnin Paris. Shida daga cikinsu suka shiga hannun Auguste Duméril, masanin dabbobi a gidan adana tarihin halittu na birnin, suka hayayyafa fiye da yadda aka zata, shi kuma ya rarraba 'ya'yansu zuwa ɗakunan bincike da gidajen masu sha'awa a faɗin Turai. Daga wannan ƙaramin garke ne mafi yawan aksolotul ɗin da ke hannun mutane a yau suka fito, ko da yake an ɗan riƙa ƙara sabon jini daga Meksiko jefi-jefi. A 1962 kuma aka sami wata zabiya daga wani nau'in salamanda dabam, mai zane-zane a jiki, a jihar Minesota ta Amurka, sai masani Rufus Humphrey na Jami'ar Indiyana ya haɗa jininta da na aksolotul domin ya shigar da zabiyanci cikin garken bincike, kuma binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna cewa ɓurɓushin wancan baƙon jini yana nan a cikin dabbobin da ake kiwo. Cibiyar da ke Jami'ar Kentaki, wadda take raba aksolotul ga masu bincike a duniya, an ƙiyasta kusancin jinin garkenta da kashi 35 cikin 100, alhali 'ya'yan da wa da ƙanwa suka haifa kashi 25 suke da shi a wannan ma'auni. Dabbar da ɗan kasuwa zai sayar da sunan mai launin asali daga cikin wannan zuriya take, ta yi fiye da shekara 150 tana auren zumunci a cikin gilashi.

Yadda launin yake gadowa shi ne ya fi warware maganar. Fatar aksolotul tana ɗauke da ƙwayoyin launi iri uku, masu baƙi, masu rawaya, da masu ƙyalli, kuma haɗuwarsu ce take ba da duhun nan mai ɗigon zinariya. Farin da idonsa baƙi ne ya fito fari saboda wata ƙwayar gado guda ta hana ƙwayoyin launin bazuwa a jikinsa tun yana cikin ƙwai, zabiya kuwa tana da ƙwayoyin amma ba ta iya haɗa baƙin sinadarin, shi ya sa har idonta yake ja. Dukkan waɗannan sauye-sauye ɓoyayyen gado ne, ma'ana ba sa bayyana sai ɗa ya karɓe su daga uwa da uba gaba ɗaya, wanda ya karɓa daga ɓangare guda kuwa zai fito da duhun fata alhali yana ɗauke da farin a ɓoye. Idan aka haɗa baƙaƙe biyu masu ɗauke da shi, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu farare za su fito, sauran su fito da duhu, duk daga ƙwai na haihuwa ɗaya. Ke nan mai launin asali da farin da marubucin ya raina sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya ne, hanta ɗaya, ƙoda ɗaya, buƙatar sanyi ɗaya. Dillalan kara a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a sun san wannan ƙa'ida ba tare da littafi ba, domin babu wanda zai karɓi saniya a matsayin bunaji tsantsa don kawai fatarta fara ce, sai ya dubi ƙaho da tozo da kunne, ya kuma tambayi garken da ta fito.

Akwai gaskiya guda a cikin da'awar marubucin, kuma adalci ne a ba shi ita. A cikin tafki, duhun fata sutura ce, domin farin aksolotul a kan baƙin taɓo ba zai daɗe ba zalɓe ya tsince shi, kuma idon zabiya ya fi shan wahala da haske mai ƙarfi. Amma wannan fifiko na ɓuya ne daga maƙiyi, kuma babu zalɓe a cikin akwatin gilashi. Abin da zai kashe dabbar a Wudil zafi ne, shi kuwa zafi bai san baƙi da fari ba.

Masu kiwo da ɗakunan bincike sun yi ittifaƙi cewa ruwan aksolotul ya fi dacewa ya tsaya tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Salsiyas, yana iya haƙuri da 20 ko 21, kuma idan ruwan ya haura 24 ya daɗe a haka to an shiga hanyar ciwo da mutuwa. Dalilin yana cikin yadda jikinsa yake aiki. Ba shi da hanyar daidaita ɗumin jikinsa kamar mutum ko akuya, jikinsa yana bin ruwan da yake ciki ne, saboda haka duk lokacin da ruwa ya yi ɗumi ayyukan cikinsa suna sauri, buƙatarsa ta iskar oksijin tana ƙaruwa, a daidai lokacin da ruwan yake rasa ikon riƙe iskar, domin lita ɗaya a digiri 18 tana riƙe kusan miligiram 9.5, a digiri 30 kuma kusan 7.5 kacal. Haka nan amoniya, wato gubar da ke fita daga kashinsa da ragowar abinci, tana ƙara kaifi da ɗumin ruwa, ita kuma fatarsa babu ɓawo a kanta kamar na kifi, komai da ke cikin ruwa yana ratsa ta. Alamomin suna zuwa a jere, kuma mai kiwo yakan gan su da idonsa: dabbar ta ƙi tana da aka miƙa mata har bakinta, mashaƙan su lanƙwaso gaba, ƙarshen wutsiya ya naɗe kamar ƙugiya, gashin mashaƙan ya kakkaɓe, sai wata farar fumfuna ta tsiro a kansu, a ƙarshe ta taso saman ruwa ta kasa komawa ƙasa.

Sai a ɗora wannan a kan yanayin Wudil. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana kai digiri 38 zuwa 41, dare kuma ba ya huce ɗakin da aka rufa da kwano, ruwan da aka ajiye a ɗaki irin wannan kuwa yana bin matsakaicin zafin ɗakin ne, wanda a watan Afrilu yake wuce 30. Damina tana sassautawa, amma ba ta saukar da ruwan ɗaki zuwa 18 ba, kuma zafin kaka na watan Oktoba yana biyo bayanta. Marubucin ya jingina da hunturu, yana tunatar da cewa ruwan randa da asubahin Janairu yana sa haƙori ƙara, kuma gaskiya ne daga Disamba zuwa farkon Fabrairu aksolotul zai iya zama a Wudil ba tare da wata na'ura ba. Amma dabbar da ke shekara 10 zuwa 15 bazara 10 zuwa 15 take jira, kuma ɗaya daga cikinsu ta isa.

Dabarun da aka ba da shawararsu sun cancanci a auna su da natsuwa, domin ba duka ne shirme ba. Sanya robar ƙanƙara a cikin akwatin hanya ce da masu kiwo a Turai suke bi idan zafi ya taso musu na 'yan kwanaki, sai dai tana saukar da zafin ruwa da sauri sannan ya koma hawa da zarar ƙanƙarar ta narke, kuma wannan hawa da sauka shi kansa yana raunana dabbar. A Wudil hakan yana nufin canza roba dare da rana na watanni, a lokacin da ƙanƙara take tsada saboda kowa yana nemanta, balle idan azumi ya faɗo a bazara. Batun randa ya fi wannan ma'ana, kuma yana da tushe a maƙwabta, domin Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, ruwan da ke tsatsowa yana bushewa a jikin ta waje yana ɗauke zafi. Tumatir da alayyafo sun amfana da wannan fasaha ƙwarai. Amma sanyin da bushewar ruwa ke kawowa yana da iyakar da ba ya wucewa, iyakar kuma danshin iska ne yake yanke ta: yana aiki sosai a busasshen Maris, yana raguwa a Mayu da Yuni lokacin da zafi da gumi suka haɗu, wato yana gazawa alhali ana ci gaba da buƙatarsa. Tumatir yana jin daɗin digiri 25, aksolotul kuwa a nan yake fara mutuwa.

Abin da ya rage shi ne na'urar sanyaya ruwa, wadda take aiki da injin irin na firji, ko kuma ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kuma kowanne daga cikinsu yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Wanda yake da sola mai batura masu ƙarfi, ko yake da halin ciyar da janareto bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, zai iya riƙe aksolotul da ransa a Wudil kamar yadda ake riƙe shi a biranen Larabawa masu zafi, kuma wannan martani bai ce abin ya gagari ɗan Adam ba. Amma ba irin wannan mutum maƙalar ta kira ba. Ta kira ɗalibi mai ɗakin haya, wanda zai kulle ƙofa ya tafi hutun zango, da matashi mai ɗan jari wanda aka nuna wa riba ba a nuna masa lissafin wuta ba. Yinin da wuta ta ɗauke tun hantsi har magariba a watan Afrilu ya isa ya mayar da akwatin lita 80 zuwa ruwan ɗumi. Sauran ɗawainiyar, wato cire kulorin daga ruwan famfo, da renon ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya a cikin matata na makonni kafin a saka dabbar, da canza kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kowane mako, da nisantar tsakuwa domin yana haɗiye ta ta toshe masa hanji, da neman tana a tsakiyar rani, duk abubuwa ne da mai himma zai iya, kuma ba su ne matsalar ba.

Da'awar ceto ita ce ta fi jan zuciya, ita ce kuma ta fi rauni. Gaskiya ne aksolotul na daji yana bakin ƙarewa: ƙidayar da aka yi a Sochimilko a 1998 ta sami kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita, a 2003 suka koma 1,000, a 2008 suka koma 100, a 2014 kuma ba su kai 40 ba, kuma tun 2006 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi a sahun waɗanda suka fi shiga haɗari. Amma abin da ya jawo wannan ba ƙarancin masu kiwo ba ne, domin a hannun mutane ana samunsa da ɗimbin yawa daga Japan zuwa Jamus, kuma sha'awarsa ta ƙara bunƙasa a 2021, shekarar da wasan kwamfuta na Minecraft ya saka shi, bankin Meksiko kuma ya buga hotonsa a takardar peso 50. Ruwansa ne ya lalace. An zuƙe tafkin Chalko, birnin da ke da mutum fiye da miliyan 20 ya mamaye kwarin ya janye maɓuɓɓugan domin shan jama'a, abin da ya saura na Sochimilko magudanai ne da ake ciyarwa da ruwan ƙazanta da aka tace. A shekarun 1970 da 1980 kuma hukumomi suka zuba baƙin kifaye domin samar da abinci, wani daga Asiya, ɗayan kuwa karfasa ce ta Afirka, ita wannan da ake soyawa a bakin gadar Wudil, suka hayayyafa suka riƙa cinye ƙwai da 'ya'yan aksolotul tare da yi masa kishiya a abinci. Abin lura ne cewa kifin da yake albarka a kogin Wudil shi ya zama annoba a can, ba don wani mugun hali nasa ba sai don an kai shi ruwan da ba nasa ba.

Aikin ceton da ake yi na gaske a cikin ruwan yake. Masanin halittu Luis Zambrano na babbar jami'ar ƙasar Meksiko da abokan aikinsa suna haɗa kai da manoman chinamfa, wato gonakin da mutanen kwarin suke ginawa da taɓo a tsakiyar tafki tun kafin zuwan Sifaniyawa, ana toshe bakin ƙananan magudanan da ke tsakanin gonakin da shingen duwatsu da tsirrai wanda yake tace ruwa ya kuma hana karfasa shiga, manomin kuma ya bar takin zamani da maganin feshi. Mai kare matsayin marubucin zai iya kawo binciken da aka wallafa a 2025, inda aka saki aksolotul 18 da aka haifa a hannun mutane cikin ruwan da aka gyara a birnin Meksiko suka rayu, ya ce ga shaida cewa na gilashi yana da amfani. Amma waɗannan an rene su ne a ƙarƙashin idon masana, a ƙasarsu, domin wannan manufa, kuma abin da binciken ya nuna shi ne gyaran ruwa yana aiki. Babu wani shirin ceto da zai karɓi dabbar kasuwa wadda ba a san nasabarta ba, mai yiwuwar jinin wani nau'i a jikinta, mai yiwuwar ɗauke da cutar fumfunar fata da ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, ya zuba ta a Sochimilko. Ƙari a kan haka aksolotul yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari tun 1975, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka sa hannu, saboda haka shigo da shi yana buƙatar takardar izini daga ƙasar da ya fito, maganar da maƙalar ba ta ambata ba ko sau ɗaya.

Ba za a ce aksolotul zai mamaye kogin Wudil idan ya kuɓuce ba, domin zafin da ke kashe shi a ɗaki zai kashe shi a kogi, idan ma tarwaɗa ta bar shi ya kai ga haka. Cutarwar a kan dabbar take, kuma a nan mai karatu Musulmi yana da ma'aunin da ya sani. Malamai sun halatta ajiye dabba don sha'awa, suna kafa hujja da ƙaramin sahabin nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa, amma sun gindaya sharaɗin a biya mata buƙatarta, suna tunatarwa da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sanyin ruwa ga aksolotul yana matsayin abinci ne, kuma wanda ya san ba zai iya samar da shi a kowace rana ta shekara ba ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya biya kuɗi.

Abin da ya fi ba da mamaki a maƙalar shi ne ta tsallaka teku neman halitta mai ban al'ajabi ta bar wadda ke cikin taɓon fadamar garin. Gaiwa, wadda masana ke kira Protopterus annectens, kifi ce mai huhu, tana tasowa saman ruwa ta shaƙi iska, 'ya'yanta suna fitowa da mashaƙa a waje kamar na aksolotul, kuma tana mayar da wutsiya da siraran gaɓoɓinta idan an gutsure su, abin da ya sa masu nazarin sake tsirowar gaɓoɓi suke ajiye ta a ɗakunan bincike. Idan kududdufi ya fara ƙafewa takan nutsa cikin laka ta naɗe jikinta, wutsiya a kan kai, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa a daidai bakinta, ta rage aikin jikinta ƙwarai ta zauna a haka watanni har ruwa ya dawo. Maganar da Hausawa suke yi cewa gaiwa jikinta take ci daidai ce da abin da bincike ya gano, domin naman jikinta take ƙonawa a wannan zaman. Marubucin ya yi ta zuzuta girman kundin gadon aksolotul, wanda aka karanta a 2018 aka sami haruffa kusan biliyan 32, ninki goma na ɗan Adam, to na gaiwa an wallafa shi a 2021, ya kai kusan biliyan 40. Haka gartsa, wadda wasu masunta ke kira gwando, mai jerin ƙayoyi a gadon baya da ɓawo mai tauri: ita ma tana da huhu, 'ya'yanta suna da mashaƙa a waje, kuma a 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka rene ta a tudu mai danshi na wata takwas domin su fahimci yadda halittun farko suka fara tafiya a ƙasa. Gartsa da minjirya da kurungu suna cikin kifayen da masu akwatin gilashi a Turai da Asiya suke saye da kuɗi, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake fitar da irinsu ta Legas. Dukkansu ruwan digiri 25 zuwa 30 ne gidansu.

Wannan ba kira ba ne ga kowa ya kama gaiwa ya jefa a kwalba. Tana kai mita guda, tana da cizo mai fasa dodon koɗi, ba ta zama da wani kifi, kuma tana buƙatar babban mazubi mai murfi da sarari tsakanin murfin da ruwa, ita kuwa gartsar da ake kiwo takan tsaya wajen santimita 30, ta fi sauƙi ga makaranta ko gida. Amma ɗawainiyarsu irin wadda ɗalibin Wudil zai iya ɗauka ce, ɗaukewar wuta ba ta kashe mai huhu, kuma ilimin halayensu yana bakin masu birgi da kalli da mamari waɗanda suke kwana a kogin.

Shi kansa kogin yana da labarin da ya yi kusa da na Sochimilko fiye da yadda ake zato. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗin kogin Kano ne da na Challawa, kuma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tsohon tsarinsa na cika da damina da janyewa da rani ya sauya, ambaliyar da ke shayar da fadamu ta ragu, ciyawar kachala ta toshe magudanai a can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru. Ruwan masana'antun jima da na rini daga Sharaɗa da Challawa yana gangarowa ta wannan hanya, masu haƙar yashi kuma suna sauya gindin kogin a inda kifi ke zuba ƙwai. Gaiwa musamman rayuwarta a kan cika da ƙafewar fadama take, duk abin da ya taɓa wannan zagaye ya taɓa ta. Garin yana da jami'ar kimiyya da fasaha wadda aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana da tsangayar aikin gona da sashen nazarin halittu, kuma tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninta da bakin ruwa. Ƙidayar da ta nuna faɗuwar aksolotul daga 6,000 zuwa ƙasa da 40 an same ta ne saboda wasu sun riƙa jefa birgi a magudanai guda shekara bayan shekara suna rubuta abin da ya fito. Irin wannan ƙidaya ta gaiwa da gartsa da minjirya a tsakanin gadar Wudil da fadamun da ke ƙasa da ita aiki ne da ɗalibai da masunta za su iya farawa da kwalekwale, da ma'aunin zafi, da littafin rubutu, a kan kuɗin da bai kai na na'urar sanyaya akwati guda ba.